Kwanon da Ba a Taɓa Ba

Tarwada ba ta zuba ƙwai a cikin tanki don raɗin kanta. Ko cikinta ya cika fam, haka za ta yi ta yawo da abinta wata da watanni, domin a dawa damina ce ke motsa ta: kogi ya cika ya malala cikin ciyayi, da dare ita da namiji su haura fadama. A ɗakin gwaje-gwaje kuwa babu damina, sai allura. A auna uwar, a ɗebi Ovaprim, maganin da ke sa ƙwai nuna, rabin mililita ga kowane kilo ɗaya na nauyinta, a soka a tsokar bayanta, a murza wurin da ɗan yatsa, a mayar da ita cikin baho ita kaɗai a rufe da raga a danne da dutse, don tarwada ba ta rasa hanyar tsalle. Daga nan sai jira.

Wannan duk na haddace shi kafin in fara aikin digirina na biyu, kuma haddar ce ta ruɗe ni. Na shiga wurin da jin cewa ƙyanƙyasar tarwada aikin masu gona ne, ni abin da ya kawo ni ya fi haka. Ina so in samar da kifi mai kuromosom kashi uku.

Bari in ɗan warware wannan. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin tarwada akwai kuromosom 56, wato zaren da ke ɗauke da gado, 28 daga uwa, 28 daga uba. Lokacin da aka tatso ƙwan bai gama rabuwarsa ba. Sai maniyyi ya shige shi sannan yake tofar da rarar kashi ɗaya na uwar, ya rage daidai. Idan aka tsoma ƙwan cikin sanyi kafin ya tofar, rarar sai ta maƙale a ciki, ɗan ya tashi da kashi biyu na uwa da ɗaya na uba, 84 ke nan. Irin wannan kifin gaɓoɓin haihuwarsa ba sa nuna yadda ya kamata, abin da ake fata kuwa shi ne abincin da zai tafi wajen yin ƙwai ya koma nama. Masu bincike a Wageningen ta ƙasar Holan sun yi wannan da tarwadar Afirka tun shekarun 1980, kuma lissafinsu ke hannuna: minti 3 bayan haɗa ƙwai da maniyyi, a tsoma cikin ruwa mai sanyin digiri 5, a bar shi minti 40. Na rubuta shi a bangon littafina kamar laya.

Gwajina na farko a watan Afrilu na yi shi. Na yi allura bayan sallar isha'i, na tafi na yi barcina, na dawo da hantsi, don an ce mini a jira kamar awa 12. Akwai wani dattijo mai kula da tankuna da ya fi shekara ashirin a wurin, kowa Baba yake ce masa. Shi ya riƙe mini kan kifin da tawul, na tatse ƙwan cikin roba. Muka yanka namiji, na haɗa, na duba agogo, na juye ƙwan gaba ɗaya cikin ruwan ƙanƙara. Washegari da na leƙa ragar ƙyanƙyasa, fari tas, kamar an watsa gero jiƙaƙƙe. Ƙwai mai rai ruwan ƙasa-ƙasa ne da ɗan kore, kana hango cikinsa. Wanda ya mutu shi ke yin fari, kafin wani lokaci farar gansakuka ta lulluɓe shi, ruwan ya ɗauki wari.

Na zauna na rubuta a littafi cewa sanyin digiri 5 ya fi ƙarfin tarwadar ƙasarmu. Har na fara jin daɗi, wai na gano abin da Turawa ba su gano ba. Baba yana wanke raga a gefe, ya ce, "Yaro, ina na shaida?"

Na ce, "Wane na shaida, Baba?"

"Wanda ba ka taɓa ba. Kwanon da ka ajiye gefe bai shiga ƙanƙara ba."

Babu. Duk na juye. Ya girgiza ragar ya rataye, ya ce, "To da me ka san sanyi ne ya kashe su?" Sannan ya ja ni bahon da uwar ta kwana, ya nuna mini ƙasansa. Ƙwai ne kwance birjik, ta fara zubarwa tun cikin dare. Awa 12 ɗin da na riƙe ta ruwa mai ɗan sanyi ce. Lokacin nunar ƙwai yana tafiya da zafin ruwa, kuma a Afrilun arewa, ruwan baho yana kai digiri 30, awa 7 ko 8 ta isa. Abin da na tatsa ya riga ya wuce lokacinsa. Na ce, "Haba Baba, ka gani ba ka faɗa mini ba?" Ya ce ai ban tambaye shi ba, kuma yadda na shigo da takardu a hammata bai ga ƙofar da magana za ta shiga ba.

Mai yiwuwa ƙwan ne ya wuce, mai yiwuwa robar da na tatsa ciki tana da lema, wanda shi ma kan lalata ƙwai kafin maniyyi ya iso, mai yiwuwa sanyin ma ya taimaka. Ruwa ba ya tsami banza, amma ni na toshe duk hanyar da zan bi in san me ya tsamar da shi. Cokali ɗaya na ƙwai a kwano daban da ya raba gardama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne namijin. Namijin tarwada ba ya tatsuwa kamar mace, sai an buɗe cikinsa an ciro 'ya'yan marainansa, guda biyu dogaye masu baki kamar zarto, a tsattsaga da reza a matse farin ruwan cikin ruwan gishiri irin na ƙarin ruwan asibiti. Galibi kifin ba ya tashi. Baba ba ya ɗora wuƙa sai ya yi bisimilla, kuma ba ya son a yanka biyu inda ɗaya zai isa. Naman dai ba ya asara, farfesu muke yi da yamma, amma kifin iri da aka ciyar shekara guda ba don tukunya aka ciyar da shi ba.

Wata rana ya sa na ɗiga maniyyin a gilashi na duba a madubin ƙara girma. A cikin ruwan gishirin shiru, ɗigo-ɗigo ba motsi. Ya ce in taɓa gefen da ruwan famfo. Nan take fili ya kaure kamar an taɓa gidan tururuwa, ko'ina yana rawa. Ban gama mamaki ba abin ya fara lafawa, cikin kamar minti ɗaya ya tsaya cak. Iyakar damar da ake da ita ke nan. Tun ranar ban ƙara zuba ruwa a ƙwai ina hira ba.

Gwaji na biyu da na uku sun tafi daidai. Na kwana a benci, ma'aunin zafi na cikin bahon, ina taɓa cikin uwar lokaci-lokaci har ƙwan ya fara fita da ɗan matsi kaɗan. Ƙanƙarar ma sai da na koyi saye tun da yamma in binne cikin buhun dusa, don wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Riƙe ruwa a digiri 5 na minti 40 a ɗakin da gumi ke ɗiga daga haɓarka aiki ne na jefa ƙanƙara guntu-guntu, ido a kan ma'auni, hannu na motsawa. Na raba ƙwan biyu. Na shaida ya ƙyanƙyashe sosai cikin kamar kwana ɗaya, na sanyi ya yi ƙasa da shi kuma da 'yan masu lanƙwasasshen baya, amma akwai rayayyu da yawa. Yanzu ina da abin kwatantawa. Kwana uku suka shanye gwaiduwar cikinsu, muka fara ba su Artemia, wasu ƙananan halittun ruwa da ake ciyar da jariran kifi da su.

Sai aka zo ƙidayar kuromosom, inda na sake faɗawa rami irin na farko ta wata ƙofar. Ana yi wa ɗan kifin allurar kolcisin don ta tsayar da ƙwayoyin halitta a tsakiyar rabuwa, a ciro ɗan naman ƙoda, a jiƙa shi a ruwa mai ƙarancin gishiri don ƙwayoyin su kumbura, a kafe su da metanol kashi 3 da asid ɗin binega kashi 1, a ɗigo daga sama kan gilashi don su fashe su baje, a rina da Giemsa. In ka yi sa'a za ka ga kuromosom a warwatse kamar an zubar da shinkafa a faranti, masu ruwan shuni. In ba ka yi ba, sun dunƙule. Ni kuwa duk gilashin da na san na kifin sanyi ne, 84 nake samu, ko 83 in ce ɗaya ya ɓuya.

Malamar da ke duba aikina mace ce mai ƙarancin magana. Ta karɓi akwatin gilasan, ta ce in dawo gobe. Da na dawo ta liƙe duk rubutuna da farin tef, ta sa lambobi nata, takardar fassarar tana jakarta. Na ƙirga na kawo mata. Ta buɗe takardar, ta ɗan yi shiru, ta ce, "Malam, lamba 7 na shaida ne. Ka samo masa 84." Muka koma madubin tare. Ƙwayoyi biyu ne suka fashe kusa da juna, na haɗa na wannan da rabin na wancan har lissafin ya kai inda zuciyata ke so, sannan na daina ƙirga. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ita ma ba ta ƙirga gilashin da ta san sunansa. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Nawa idon ya san abin da nake fata ne kawai.

Daga baya muka ƙara da hanyar jini, wadda ta fi sauƙi kuma ba sai an kashe kifi ba. Jajayen ƙwayoyin jinin kifi suna da cibiya, ba kamar na ɗan Adam ba, kuma ta mai kashi uku ta fi girma a fili. Ɗigo ɗaya daga gindin wutsiya, a shafa a gilashi, a auna. Shi ma da tef a rufe.

Kifin sanyin sun tabbata masu kashi uku, amma da aka yi watanni ana awo, ba su fi 'yan'uwansu girma ba. Na so in ɗora laifin a kan abinci. Malama ta ce in koma in karanta aikin mutanen Holan ɗin har ƙarshe. Ashe su ma ba su ga wani bambancin girma na a zo a gani ba. Shafin yadda ake yi na kwafa, na tsallake shafin abin da aka samu.

Wannan ya sa na fara kallon fannin da wani ido. Muna son dabara mai ban mamaki, alhali abin da ya fi gyara irin kifi a duniya aiki ne mai gundura. A 1988 aka fara shirin GIFT, na inganta irin karfasa, a Filifin. Suka tattaro karfasar Nilu daga Masar da Gana da Kenya da Senegal, suka haɗa da irin da ake kiwo a Asiya, suka riƙa sa wa kifi alama, suna rubuta uwa da uban kowane gida, suna zaɓen masu saurin girma ba tare da aurar da 'yan'uwa ba. Zuriya bayan zuriya girman yana ƙaruwa da sama da kashi 10 cikin 100. Kifin nahiyarmu ne, da littafi da sikeli aka gyara shi. Mu kuwa, duk da muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa da gwanayen masu ƙyanƙyasa a ko'ina, ka tambayi mafi yawan masu gona uban kifin irinsu, sai dai su ce daga wajen wane aka sayo.

Kuma yankan namijin nan yana da wani farashi da ba a gani. Tun da asara ce, mai ƙyanƙyasa kan yi wa mata goma da namiji ɗaya. A lissafin gado, namiji 1 da mata 10 ba su kai darajar kifi 4 ba, domin duk 'ya'yan ubansu ɗaya. Daga cikinsu za a ware iyayen baɗi, sau da yawa ma shuta ake warewa, waɗannan da suka yi wa sa'o'insu fintinkau. Girman shuta kuwa ba lallai gado ba ne. Wani ya riga samun abinci ne, bakinsa ya yi faɗi, ya koma cin ƙannensa.

Kwanan baya wani mai gona, dattijon kirki da ke ƙyanƙyasa a bayan gidansa, ya same ni yana kukan fingalin ɗinsa, wato 'ya'yan kifin, ba sa girma kamar da, ga masu karkataccen baya sun yawaita. Ya ji an ce na yi karatun abin, yana so in ba shi sunan allurar da ke ƙara girma. Na ce, "Alhaji, yaushe rabonka da sayo iyaye daga wani wuri?" Ya lissafa da yatsu, yatsun hannu ɗaya suka ƙare. Na ce ya nemo maza daga gonar da ba ta da alaƙa da tasa, ya riƙa amfani da uku ko huɗu a kowace ƙyanƙyasa, ya bar baho ɗaya a kan tsohon irinsa don mu ga ko canjin ne ya yi aiki, sannan ya sayi littafi ya rubuta wace uwa, wane uba, wace rana, zafin ruwa nawa. Bayan sati biyu ya kira ni, ya sayo mazan har guda shida, ya kuma ware bahon. Na ce littafin fa, Alhaji? Ya yi dariya ya ce duk yana kansa, amma zai aiki yaro kasuwa bayan sallah.