Abin da yadin fiffike ya koya mini a Zariya

Duk wanda ya tashi a Zariya ya saba da ƙugin ƙananan jirage a sama. Kwalejin koyon tuƙi da gyaran jiragen sama tana garin tun 1964, kuma jiragen da ɗalibai ke shawagi da su yau na ƙarfe ne ko na roba mai tauri. Shi ya sa ranar da malaminmu na gyaran jikin jirgi ya shigo da dunƙulen farin yadi ya ce da irinsa ake rufe fiffike, ban yarda ba sai da na taɓa. Ni ɗan maɗinki ne, a shagon Baba a cikin birni na girma, tsakanin shadda da zaren aiki. A sanina yadi na riga ne da zane. Ashe tun jirgin farko na 'yan'uwan Wright a 1903 da yadin auduga aka rufe shi, kuma har gobe akwai ƙananan jirage irin su Piper Cub da ke tashi da rigar yadi.

A da auduga da lilin ake sawa, a shafe su da wani fenti mai ɗame yadi da ake kira dof. Matsalarsu ruɓewa, danshi da fumfuna na cin su. Yanzu foliyesta ya karɓi wurin, da sunaye irin su Ceconite da Poly-Fiber. Shi ba ya ruɓa. Ana manna shi a jikin firam ɗin, sannan a bi shi da dutsen guga ya tsuke, da farko a digiri 121 na ma'aunin Celsius, daga baya a kai 177. In zafi ya haura wajen 190 zaren ya saki ke nan, ba ya sake ɗamewa. Don haka ma'aunin zafi ake ɗora wa dutsen gugar, ba a yarda da lambar da ke jikinsa.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne bambancin ƙarfin ja da ƙarfin yagewa. Littafi ya ce sabon yadin auduga mai daraja ta ɗaya ya jure nauyin fam 80 a faɗin inci ɗaya, kusan kilo 36, kuma in ya tsufa ya faɗo ƙasa da kashi 70 cikin ɗari, wato fam 56, a cire shi. Na haddace wannan don jarrabawa. Amma ganewa ta gaske a kasuwar Sabon Gari na same ta, ranar da na raka Baba sayen atamfa. Mai yadin ya auna, ya ɗan tsaga baki da almakashi bai kai rabin inci ba, ya riƙe gefe da gefe ya fizga, yadin ya rabe har ƙasa cikin ƙiftawar ido. Yadin nan fa ƙarti biyu za su ja shi su gaji bai tsinke ba, saboda dubban zare ne ke raba nauyin. Da aka yi masa baki sai nauyin ya koma kan zare ɗaya, in ya tsinke na kusa da shi ya karɓa, shi ma ya tsinke. Na tsaya ina kallo har Baba ya ce, "Kai, lafiya?" Na ce, "Baba, karatunmu nake gani."

Daga ranar na daina ganin aikin da ake sa mu a matsayin wahalarwa. Kintinkirin da ake mannawa a kan kowane haƙarƙarin fiffike (sandunan ciki da ake ɗinke yadin a jikinsu) da kowane gefe, da bakinsa mai haƙora da ke ƙara masa kamu ya hana shi zarewa, da ƙullin da ake yi a kowane ɗinki don in ɗaya ya tsinke sauran kada su warware, duka shinge ne a gaban yagewa. Ƙaramin rami da tsakuwa ta yi, wanda ido zai raina, shi ne tsagar almakashin mai atamfa, iska kuma a sama ita ce hannun da zai fizga.

Kuskurena na farko a fenti na yi shi. An ba ni ɗan firam na gwaji, na manna, na goge, yadi ya ɗame, in ka buga da yatsa kamar kalangu. Saura shafe mai ruwan azurfa, wanda ke ɗauke da garin alminiyam, sannan launi. Ina ɗokin ganin launin, sai na tsinka shafen azurfar na yi sauri. Ya fito gwanin kyau. Malam bai ce komai ba, ya rufe tagogi, ya kunna ƙwan lantarki mai wat 60 ya riƙe a bayan yadin. Haske ya riƙa ɓullowa ko'ina kamar ta rariya. Ya ce, "Ɗana, inda ƙwan nan ya ratsa, rana ma za ta ratsa. Kuma ranar Zariya ba ta hutu." Na ce, "Malam, a yi haƙuri, zan sake." Kwana uku na yi ina gyarawa.

Gaskiyarsa. Foliyesta ya fi ƙarfin ruwa amma bai fi ƙarfin rana ba, hasken nan nata da ido ba ya gani yana karya zaren a hankali. Kowa a nan ya san buhun taki da aka manta a kan kwano, yadda yake komawa gari in ka taɓa. Na so in gani da idona, sai na ɗaure ƙyalle biyu a rufin gidanmu tun farkon hunturu, ɗaya tsirara, ɗaya da cikakken shafe. Suka sha ƙura, suka sha zafin bazara, suka sha ruwan farko. Da na sauko da su, mai shafen ko gezau. Tsiraran kuwa a ido lafiya lau yake, fari tas, amma da na yi masa ɗan baki sai ya bi hannuna kamar takarda. Wannan ya tsorata ni fiye da duk abin da na karanta, domin da a jikin jirgi yake, da na wuce shi ban tsaya ba.

Malam yakan ba mu labarin Steve Wittman, Ba'amurken da ya shafe rayuwarsa yana ƙera jirage yana tsere da su. A 1995 jirginsa ya tarwatse a sama, shi da matarsa suka rasu, bincike kuma ya nuna yadin fiffiken ne ya ɓalle saboda ba a manna shi yadda ya kamata ba. Ba don a zarge shi yake faɗa ba, don mu san cewa ba a gauraya kayan kamfani ɗaya da na wani, kuma ba a tsallake mataki ko da hannu ya ƙware. Ni dai tun daga nan kafin in duba kyan fenti sai na leƙa ciki da tocila, na duba ƙananan ramukan fitar ruwa da ke ƙasan fiffike ko ƙura ta toshe su, na bi gefen kintinkiri da farce ko ya fara ɗagowa.

Wata Juma'a bayan masallaci na kai wa Baba guntun firam da doguwar allurar ɗinkin haƙarƙari. Ya sa tabarau, ya juya ƙullin sama da ƙasa, ya ja zaren da ƙarfi bai motsa ba. Ya tambaye ni tazarar da ke tsakanin ɗinki da ɗinki, na ce ta danganta da gudun jirgin, kuma ana ƙara matse ta a inda iskar farfela ke dukan fiffike. Ya gyaɗa kai, ya ce haka yake ƙara ɗinki a bakin aljihu da hammata. Sannan ya miƙo hannu ya ce in sake ƙullin a hankali, yana so ya gwada.