Ƙishirwar majiyyaci a ɗakin kulawa ta musamman

Ina aikin jinya a ɗakin kulawa ta musamman a nan Zariya, kuma duk wanda muka cire wa bututun numfashi nakan tambaye shi: "Baba, me ya fi damun ka?" Da farko na zaci ciwo za su riƙa cewa. Ƙishirwa suke fara ambata, sannan rashin barci da azabar zuƙe majina.

Har yau abin na ci mini rai, domin ma'aikata da dangi galibi ba ma gane ƙishirwar. Majiyyaci na motsa leɓe, yana kai hannu ga bututu, sai ma'aikaci ya ce zafi ne, a ƙara maganin barci ko a ɗaure hannu. Dangi kuma su ce magagin ciwo ne. Alhali bawan Allah ruwa yake nema.

"Ai ana yi masa ƙarin ruwa," in ji kowa. Ruwan jijiya ba ya jiƙa maƙogwaro. Bututu ya bar baki a buɗe dare da rana, maganin Lasix na fitar da ruwa ta fitsari, magungunan zafi masu ƙarfi na busar da yawu, in kuma hunturu ya kama, za ka ga harshe ya yi fari, leɓe ya tsage har da jini.

Dangin da suka gane kuwa, cokali suke ɗauka su ɗura zamzam ko rubutu a ɓoye. Wanda ba ya iya haɗiya, huhu ruwan ke gangarawa, ya jawo namoniya, wato ciwon huhu. Ba na yi musu faɗa. Nakan ce: "Hajiya, kawo zamzam ɗin, ki shafa masa a leɓe, rubutun kuma a goshi."

Ga yadda nake yi. A ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45. A tsoma auduga mai sanda cikin ruwa mai tsabta, mai sanyi sosai, don ya fi mai ɗumi kashe ƙishi. A matse, a bi harshe da dasashi da cikin kumatu, a zuƙe abin da ya taru. A shafa man leɓe mai ruwa-ruwa, ban da Vaseline ga mai shaƙar oksijin. Duk awa 2, lokacin juya majiyyaci, a maimaita.

Kafin a ƙara maganin barci, a riƙe hannunsa: matsa ɗaya "e", biyu "a'a". A tambayi zafi, a tambayi ƙishirwa dabam, domin shi ba shi da bakin da zai raba maka su.