Abin da ƙwarin lambu suka koya mini a bayan kyamara

Na shafe shekaru ina ɗaukar hotunan biki da suna kafin in fara durƙusawa a garkar bayan gidanmu da kyamara a hannu, kuma a lokacin ina ganin cewa wanda ya iya tsayar da amarya da ƙawayenta a gaban kyamara ba zai sha wahalar ƙwaro ba. Damina guda ta isa ta cire mini wannan zato.

Abu na farko da ya ba ni wuya shi ne ƙarancin wurin da ke fitowa sarai a cikin hoton. Na sayi gilashin kyamara mai milimita 100, irin wanda ke sauke siffar abu a kan idon kyamara daidai da girmansa na zahiri, sai na tarar cewa idan na matso har ƙarshen iyawarsa, abin da ke fitowa tas bai wuce kaurin milimita ɗaya ko biyu ba, sauran duk hazo. Idan idon ƙwaron ya fito, bayansa ya dushe; idan bayan ya fito, idon ya tafi. Na yi ƙoƙarin tsuke ƙofar haske har zuwa f/22 (yawan lambar, ƙanƙantar kafar) domin in ƙara zurfin wurin da ke fitowa tas, amma hoton ya rasa kaifi gaba ɗaya, saboda haske yana bazuwa idan ya bi ta ƙaramar kafa. Daga bisani na tsaya tsakanin f/8 da f/11, na daina murza zoben saiti, na koyi kafa gwiwar hannu a ƙasa in riƙa matsawa gaba da baya a hankali har idon ya fito, sannan in danna a tsakanin numfashi biyu.

Haske ma ya zo da nasa darasin. Fikafikan sama na ƙwarin da nake ɗauka, dangin su buzuzu da hangara, masu tauri ne kuma suna sheƙi kamar an shafa musu mai, don haka filashi tsirara yakan bar farin tabo a gadon bayansu. Farar takarda da na lanƙwasa a gaban filashin ce ta magance mini wannan, ba wani kaya mai tsada ba.

Amma darasin da ya fi zauna mini a rai bai shafi kyamara ba. Wani lokaci na bi shawarar da ake yawan bayarwa, na kama wani koren ƙwaro mai walƙiya na sa shi a firij na 'yan mintuna domin sanyi ya hana shi motsi, sannan na ɗora shi a kan ganyen kuɓewa na ɗauke shi yadda nake so. Hoton ya fito da kaifi ƙwarai, na kuwa yi murna da shi, har sai da na nuna wa wani dattijo manomi da ke maƙwabtaka da mu. Ya dube shi na ɗan lokaci, ya ce, "Ɗana, wannan ai ba shi da lafiya, dubi yadda ya naɗe ƙafafunsa." Gaskiya ya faɗa. Ƙafafun a lanƙwashe suke, 'yan sililan kansa da yake shinshina da su sun sunkuya, kuma na ɗora shi a kan shukar da ban taɓa ganin irinsa a kanta ba. Na ji kunya ƙwarai, domin na wahalar da halittar Allah, kuma abin da na samu hoto ne da ke faɗin ƙarya game da rayuwarta. Tun daga ranar ban sake kama ko ɗaya ba.

Abin da ya maye gurbin firij shi ne sammako. Bayan sallar asuba, kafin rana ta busar da raɓa, ƙwari sukan yi lamo saboda jikinsu bai ɗau zafi ba, kuma iska ba ta fara kaɗa ganye ba. Na kuma fara lura da halin kowanne. Hangara takan zauna a furen wake da na kuɓewa tana cinsa, kuma ba a taɓa ta da hannu, domin ruwan jikinta yana tayar da bororo a fata. Ƙaramin jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi ana samunsa a inda ƙananan ƙwari masu tsotse ruwan ganye suka taru, tun da su ne abincinsa, saboda haka idan na ga ganye ya murɗe yana danƙo, nan nake zama in jira. Wasu kuwa da zarar inuwata ta faɗa kansu sai su saki ganyen su faɗo ƙasa su yi kamar sun mutu, wannan ya sa nake tunkarar su daga ƙasa, ta ɓangaren da inuwa ba za ta riga ni isa ba.

Masana sun rubuta nau'o'in irin waɗannan ƙwari masu taurin fiffike kusan 400,000, wato wajen kashi ɗaya cikin huɗu na dukan dabbobin da aka sani, kuma ni a garkar da ba ta kai rabin fili ba har yanzu ina cin karo da waɗanda ban taɓa gani ba. Wanda ya fi sauya mini tunani shi ne buzuzu, wanda da can nake tsallakewa ba tare da na dube shi ba. Da na karanta binciken da Marie Dacke ta Jami'ar Lund da abokan aikinta suka wallafa a 2013, wanda ya nuna cewa wani nau'in buzuzu a Afirka ta Kudu yana bin hasken tarin taurarin sama da dare domin ya miƙe hanya, sai na koma bakin garken awakinmu na kwanta rub da ciki. Na ga yadda yake hawa kan dunƙulensa ya juya ya dubi sama, sannan ya sauko, ya kafa kai ƙasa, ya tura da ƙafafun baya. Na ɗauki hotuna fiye da ɗari a safiyar nan, kuma guda biyu kawai na ajiye, dukansu na lokacin da yake tsaye a kan dunƙulen.