Abin da rabin magani ke yi wa bakteriya a huhu

Kafin bakteriya ta jawo ciwon nimoniya, sai ta samu wurin kamawa a huhu. In ba ta manne ba, majina da tari za su yi waje da ita. A kan wannan riƙon na yi binciken digirina na biyu a Birnin Kebbi.

Mun yi aiki da ƙwayoyin halittar huhu da ake kira A549, waɗanda aka fara reno a 1972 daga huhun wani mai ciwon daji ɗan shekara 58. Renonsu sai mai haƙuri: zafi digiri 37, iskar kabon kashi 5 cikin 100, kuma janareta a kusa. Bakteriyar kuwa daga kakin majinyata muka ware ta.

Sai in rene ta cikin magani ɗan kaɗan, wanda bai kai ya hana ta hayayyafa ba, in zuba ta a kan ƙwayoyin huhun. Bayan wani lokaci in wanke da ruwan gishiri, in shuka abin da ya rage a faranti, washegari in ƙirga. Wankin nan shi ne gwanintar aikin. Ka matsa hannu, ƙwayoyin huhun su ɓare. Ka sassauta, ka ƙirga har da waɗanda ba su kama ba.

Bakteriyar da ake kira Pseudomonas aeruginosa na da wasu siraran gasu da take maƙalewa da su, kamar ƙarangiya a bakin wando. Maganin azithromycin ba ya kashe ta, amma da ta sha shi sai riƙonta ya yi rauni. Na ji daɗin wannan.

Wata bakteriyar, Staphylococcus aureus, ita ce ta tayar mini da hankali. Wadda ta riga ta bijire wa maganin ciprofloxacin, da na ba ta kaɗan daga cikinsa, sai ta ƙara mannewa. Na kai wa malamina sakamakon.

"Ranka ya daɗe, ko in sake?"

Ya ce, "Sake, amma masana sun riga sun ga haka. Maganin na sa ta ƙara fitar da sinadaran da take kama fibronectin, wani sinadari da ke jikin ƙwayoyin halitta, da su."

Na sake, hakan ya fito.

Irin wannan ƙaramin adadin na magani na iya yawo a jinin wanda ya sayi ƙwaya huɗu a kemis lokacin hunturu, tari ya lafa, ya ajiye sauran. Abin na ci mini rai, domin na san yawanci rashin kuɗi ne. Yanzu duk ɗan'uwan da likita ya rubuta wa magani, nakan tambaye shi na kwana nawa ne, in kuɗinsa bai kai ba in cika masa.