Rayuwar Dokta J. Allen Hynek, Kashi na 3: Zara ce ko balan-balan?

A makon jiya mun bar Dokta Hynek ya koma jami'ar jihar Ohio da ke Columbus bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yana koyar da ilimin taurari. A 1948, yana da shekara 38 ko kusa da haka, sai ga jami'an sojan saman Amurka daga sansanin Wright-Patterson da ke kusa da Dayton sun zo nemansa. Sun buɗe wani ofishi mai suna Project Sign don tattara rahotannin “farantai masu tashi”, waɗanda suka yi ta kwararowa tun daga 24 ga Yuni 1947, ranar da matuƙin jirgi Kenneth Arnold ya ce ya ga wasu abubuwa tara suna sheƙa gudu kusa da tsaunin Rainier. Aikin na sirri ne. Buƙatarsu mutum ɗaya da zai tsame musu taurari daga cikin tulin takardun.

Idan rahoto ya zo gabansa, abu huɗu yake nema: lokaci, wuri, ɓangaren da mai gani ya fuskanta, da kuma yadda abin ya ɗago daga doron ƙasa. Da waɗannan sai ya buɗe jadawalin taurari na shekarar ya duba abin da ke wannan gurbi a wannan sa'a. Hasken da ya keta sama cikin daƙiƙa biyu ko uku ya mutu, galibi gutsuren dutse ne da ya kama wuta a iska. Wanda ya daɗe awa guda yana gangarawa yamma sannu a hankali kuwa, tauraro ne, kuma sau da yawa Zara ce, wadda muke ce wa matar wata idan ta fito da almuru, Gamzaki idan ta fito da asuba. Ba ta taɓa yin nesa da rana fiye da digiri 47 ko kusa da haka, saboda haka duk hasken da aka gani a ƙoƙon sama da tsakar dare ba ita ba ce.

Inda aikin yake tsinkewa shi ne wajen shaidu. Mutum zai rantse cewa abin ya kai girman gida, yana nisan mil biyu. Alhali ido ba ya iya auna nisan abin da bai san girmansa ba, in dai babu bishiya ko tsauni a bayansa. Abin da shaida zai iya bayarwa da gaske shi ne faɗin da abin ya ci a idonsa. Miƙe hannunka: ƙaramin yatsa yana rufe kusan digiri ɗaya, dunƙulen hannu kusan digiri goma, cikakken wata kuma rabin digiri ne kacal. Shi ya sa takardar tambayoyin da sojan suka fitar daga baya take cewa shaida ya miƙa tsinken ashana iya tsawon hannunsa, ya faɗi ko kan ashanar zai rufe abin. Akwai kuma yaudarar ido: ka ƙura wa haske ɗaya ido cikin duhu, ba da jimawa ba za ka ga kamar yana rawa, alhali tsokar idonka ce ke motsi.

Ɗaya daga cikin takardun da suka zo gaban Hynek ita ce ta Kyaftin Thomas Mantell. Ranar 7 ga Janairu 1948, da misalin ƙarfe biyu saura kwata na rana, ma'aikatan hasumiyar filin jirgin Godman da ke Fort Knox a jihar Kentucky suka hangi wani farin abu a sama. Mantell, ɗan shekara 25, wanda ya tuƙa jirgi a yaƙin Normandi, yana wucewa a gaban jirage huɗu ƙirar F-51. Hasumiya ta roƙe su su leƙa. Ɗaya man jirginsa ya yi ƙasa, ya wuce gida. Biyu suka bi Mantell har wajen ƙafa 22,500 sannan suka juyo. Shi ya ci gaba da hawa, kuma babu iskar oksijin a jirginsa.

A ƙafa 25,000, mutumin da ba shi da abin shaƙa yana da minti uku zuwa biyar kafin hankalinsa ya daina aiki. Mugun abin shi ne ba ya jin shaƙewa. Daɗi ma yake ji, ganinsa ya ƙanƙance, farcensa ya yi shuɗi, yana ganin komai lafiya lau har ya suma. Jirgin Mantell ya sulmiyo yana juyi, ya tarwatse a wata gona kusa da garin Franklin. An tarar agogon hannunsa ya tsaya a ƙarfe 3:18.

Hynek ya buɗe jadawalinsa, ya ga Zara tana wannan ɓangare na sama a wannan lokaci, ya ce mai yiwuwa ita ce. Gaskiya ne ana iya ganin Zara da rana tsaka idan sama ta yi garau kuma mutum ya san inda zai duba. Amma ɗigo ce ƙarama, alhali a ranar mutanen garuruwa da dama sun ɗaga kai sun ga abin har sun kira 'yan sanda. Jama'a ba su yarda ba, kuma suna da hujja.

Abin da babu a jadawalinsa shi ne Skyhook. Tun watan Satumba 1947 rundunar sojan ruwan Amurka take sakin wasu manyan balan-balan na siririyar leda, waɗanda kamfanin General Mills yake haɗawa, suna ɗaukar na'urori har zuwa ƙafa 100,000. A ƙasa ana zuba musu iskar hiliyam kaɗan ne, sai su tashi a tsuke, kai a kumbure, gindi a zube. Suna hawa nauyin iska yana raguwa, su kuma suna buɗewa har su cika. Rana ta haske ledar, sai ta yi ƙyalli kamar ƙarfe. Wanda ke ƙasa zai ɗauka abin yana kusa, alhali yana can sama da inda duk wani F-51 zai iya kaiwa, shi ya sa mai binsa zai yi ta hawa bai ga ya matso ba. A wannan yammacin wani masanin taurari a jami'ar Vanderbilt da ke Nashville ya duba da na'urar hangen nesa, ya ce balan-balan ne da igiyoyi a rataye. Sai dai aikin Skyhook na sirri ne, ma'aikatan hasumiya ba su san shi ba, Mantell bai san shi ba.

Wannan shi ne abin da ke ƙona mini rai a labarin. Da wani ya iya ce wa hasumiyar Godman balan-balan ne na sojan ruwa, da saurayin nan bai hau inda ya hau ba. An ɗauko malami an ce ya fassara sama, alhali wani reshen gwamnatin ya ɓoye abin da ya saki a cikinta. A 1952, Kyaftin Edward Ruppelt, shugaban ofishin da aka sake wa suna Project Blue Book, ya sake buɗe fayil ɗin. Hynek ya janye maganar Zara da bakinsa, kuma Skyhook ya zama bayanin da ya fi ƙarfi.

A rahoton da aka kammala a 1949 ƙarƙashin sunan Project Grudge, wato sunan da ofishin ya ɗauka bayan Project Sign, cikin rahotanni 237 kusan kashi ɗaya cikin uku an danganta su da taurari da duwatsun sama, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma an rasa bayaninsu. A lokacin Hynek yana ganin ƙarancin bayani ne kawai ya bar su haka.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu bi shi zuwa Yuli 1952, lokacin da na'urorin rada na birnin Washington suka nuna wasu ɗigogi a kan fadar White House, da kuma zaman sirrin da hukumar leƙen asirin CIA ta kira a Janairu 1953, inda Hynek ya samu kujera.