Maɗigar jariri

Yau na karɓi ɗan ƙanwata, kwanansa tara a duniya. Ina shafa kansa sai yatsana ya sauka a kan maɗiga, na ji tana harbawa a hankali a ƙarƙashin fata. Gabana ya faɗi, na janye hannu da sauri. Uwar ta yi murmushi ta ce, "Yaya, taɓa mana, ba abin da zai same shi." Na mayar da yatsan, na daɗe ban ce uffan ba. Ƙashin kan bai gama haɗewa ba don ƙwaƙwalwa ta samu wurin girma. Yanzu nauyinta kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na ta babban mutum, kuma sai yaro ya kai wajen wata 18 kafin wurin ya rufe.

Farkon lamarin ne ya fi tsaya min a rai. Ƙwaƙwalwar nan da lakar da ke tsakiyar ƙashin baya duk daga wani ɗan siririn bututu suka fito, wanda yake naɗewa ya rufe wajen kwana 28 da shigar ciki. Samansa ya kumbura ya zama ƙwaƙwalwa, ƙasan ya miƙe ya zama laka, jijiyoyi 31 na fita ta kowane gefenta. A lokacin ƙanwata ba ta ma san tana da ciki ba, tana ta hidimar gabanta. Ikon Allah! Har yanzu ina jin bugun nan a kan yatsana.