Ƙarshen wayar faiba da abin da ake haɗa ta da shi

A 'yan shekarun nan wayar faiba, wato wayar intanet mai zaren gilashi da haske yake bi ta ciki, ta shiga ofisoshi da gidaje da yawa a Jos, daga Rayfield zuwa Bukuru, kuma yawancin masu biyan kuɗi suna ɗauka cewa da zarar an ja kebul zuwa bangon ɗaki aiki ya ƙare. A ganina nan ne aikin gaske yake farawa, domin kebul mai kyau da aka ja tsawon kilomitoci yana iya zama banza idan wanda ya gama masa kai, wato ya haɗa ƙarshensa da abin sokawa, bai san aikinsa ba.

Zaren gilashin da ke cikin kebul ɗin kaurinsa maikiromita 125 ne, wato kusan kaurin silin gashi, amma cibiyarsa da haske yake bi a irin wanda kamfanonin intanet suke kawowa gida ba ta wuce maikiromita 9 ba. Idan za a haɗa zare biyu, dole waɗannan cibiyoyi su fuskanci juna daidai, kuma ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tare wani ɓangare na hasken. Duk wanda ya san yadda ƙurar hunturu take shiga ko'ina a Filato tsakanin Disamba da Fabrairu zai gane dalilin da ya sa ma'aikaci nagari ba ya cire murfin kanekta, wato kan wayar da ake sokawa a na'ura, sai lokacin da zai soka ta, kuma ba ya soka ta sai ya goge bakinta da abin gogewa na musamman ko da sinadarin aisofurofil. Busawa da baki ko gogewa da gefen riga ƙara ɓata wurin suke yi.

Hanyoyin gama kai guda biyu ne aka fi gani. Ta farko ita ce walda da na'ura: a fere rigar zaren, a goge shi, a yanke shi da mayanki na musamman domin bakinsa ya tsaya a miƙe, sannan na'urar ta daidaita zaren biyu ta narkar da su da tartsatsin lantarki. Galibi ana haɗa kebul ɗin ne da guntuwar waya wadda aka riga aka sa mata kanekta tun daga masana'anta, sai a rufe mahaɗar da 'yar riga mai ƙarfe a ciki. Asarar haske a walda mai kyau ba ta kai desibel 0.1 ba (desibel shi ne ma'aunin wannan asarar). Ta biyu ita ce kanekta ta gaggawa wadda ake cusa zaren a cikinta a kulle. Tana da araha da sauri, shi ya sa masu sa intanet a gidaje suke sonta, amma asararta ta fi yawa, kuma idan mayankin ya dakushe sai matsala ta riƙa dawowa bayan 'yan watanni. Ni dai inda akwai na'urar walda, ita nake zaɓa.

Su kansu kanektocin iri-iri ne. SC, wadda kamfanin NTT na Japan ya ƙirƙiro, mai kusurwa huɗu ce, kuma ita ce aka fi samu a akwatin intanet na gida. LC ƙarama ce, bututun tangaran ɗinta da ke riƙe zaren milimita 1.25 ne, rabin na SC, saboda haka ita ce ta cika ɗakunan sabar, wato manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanai. Wasu iri biyu, ST da FC, sun fara zama tsofaffin yayi.

Wani abin da ke jawo asara shi ne haɗa kanektoci masu launi daban. Shuɗiyar kanekta, wato UPC, bakinta a miƙe aka goge shi, ita kuwa koriya, wato APC, an karkata bakinta da digiri 8 domin hasken da ya dawo baya kada ya koma cikin cibiyar. Girmansu ɗaya, don haka shuɗiya tana shiga ramin koriya ba tare da gardama ba, sai dai bakunan ba sa haɗuwa sosai, haske ya ragu, wani lokaci ma gilashin ya karce har abada.

Kafin ma'aikaci ya tafi, mai gida yana da haƙƙin ya ce a auna ƙarfin hasken a gabansa. A yawancin layukan gida ana son adadin ya kasance tsakanin -8 da -27 dBm (ma'aunin ƙarfin haske), kuma wanda ya tsaya dab da -27, wato ɓangaren da hasken ya fi rauni, zai riƙa yankewa da zarar an ɗan lanƙwasa wayar a bayan kujera. A kuma hana yara leƙa bakin wayar, domin hasken da ke fita ido ba ya ganinsa, amma yana iya yi masa illa.